Gaban kaina yana cinyewa: yaya zan riƙa ɗaure gashina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, shekarata 29. Allah ya hore mini gashi, idan na tsefe yana sauka har gadon bayana. Saboda aiki, kullum da safe nakan taje shi in tattara a tsakiyar kai, in ɗaure da ribom tamau, in naɗe jelar, sannan in sa hula da hijabi. Kusan shekara guda ke nan gaban kaina da saman kunnuwana suna ta cinyewa, goshina sai ƙara faɗi yake yi, da yamma kuma kaina ya riƙa sara mini. Mai kitsona ta ce in daina barinsa a tsefe, in zo ta riƙa yi mini ƙananan kitso masu tsauri, wai ja ne ke fito da gashi. Na sayi mai kala uku a intanet, ban ga canji ba. Bikina saura wata biyar, wallahi abin har barci yake hana ni. Wace hanya zan bi in riƙa ɗaure shi ba tare da ya ƙare ba? Kuma wanda ya zube zai dawo?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Ki kwantar da hankalinki. Shekara ɗaya ba ta yi nisa ba, kuma yawancin matan da suka farga a wannan matakin gashinsu yana dawowa, muddin sun daina abin da ke cire shi. Ban ga kanki da idona ba, amma wurin da kika ce yana cinyewa, da ciwon kan yamma, da irin ɗaurin da kika kwatanta, duk hanya ɗaya suke nunawa: zubar gashi saboda ja.

Ga abin da za ki duba yau a madubi. Idan a bakin goshi akwai siririn layi na gajerun gashi da suka rage, bayansu kuma fili, wannan alama ce da muka saba gani a wannan matsala. Sai ki matso kusa ki dubi filin da kyau. In kina ganin ƙananan ramukan gashi da 'yan siraran gashi masu laushi, saiwar tana da rai. In fatar ta yi sumul tana sheƙi, babu rami ko ɗaya, to wurin ya riga ya yi tabo, maganarsa daban ce.

Game da ɗaurin, abu na farko shi ne ki sauko da shi daga tsakiyar kai zuwa ƙeya. Idan aka tattara gashi a sama, gashin goshi da na gefe ne ke ɗaukar nauyin jelar gaba ɗaya, alhali su ne mafi siranta a kai. A ƙeya kuwa nauyin yana kwantawa ne, ba ya rataya.

Hanyar da na fi ba masu aiki irin naki ita ce ta murɗawa. Ki tattara gashin da yatsunki a ƙeya, ba da mataji ko buroshi ba, kada kuma ki ɗaure gindin. Ki raba shi biyu, ki murɗa ɗaya kan ɗaya har ƙarshe, sannan ki naɗe shi a kwance kamar gammo, ki cusa bakin a ƙarƙashi. Fil na gashi mai baki biyu, guda uku ko huɗu, ya isa ya riƙe shi: ki soka ta gefen naɗin, ki ɗan ɗebo gashin da ke ƙasa, ki juya fil ɗin ya shige ciki. Fil ne ke riƙe naɗin, don haka babu abin da ke jan saiwa. Idan gashinki mai cika ne sosai, ki yi manyan kalaba biyu ko huɗu sako-sako, ki fara kitsawa daga wajen kunne maimakon bakin goshi, sai ki haɗa jelolin ki naɗe su a ƙeya. Wannan yana iya kwana uku ko huɗu, ya hutar da ke tazar kullum, wadda ita ma tana karya gashi. Mai son sauri tana iya murɗa gashin ta soke shi da tsinken gashi mai santsi, ko ta kama shi da babban kilif mai haƙora, sai dai kilif yana tokare hijabi.

In dole sai kin sa ribom, ki nemi mai laushi da aka lulluɓe da yadi mai santsi, ki zagaya sau biyu ki tsaya. Robar ɗaure kuɗi da ribom mai ƙarfe a jiki, ki zubar da su. Ki riƙa sauya wurin naɗin, yau tsakiyar ƙeya, gobe ɗan gefe. Kada ki naɗe gashi yana jiƙe bayan wanka ki rufe shi da hula, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin tsinkewa, danshin da ke kwana a ƙarƙashin hula kuma yana ƙara amosani da wari. Hular ciki ma ki duba ta. In kin cire ta da yamma kika ga ta bar zane a goshinki, ta matse da yawa. Acuci da ake ƙarawa don ɗankwali ya zauna, shi ma nauyi ne da ake ɗora wa gashin da ya riga ya gaji. Kina dawowa gida ki warware komai, da dare ki yi kalaba ɗaya sako-sako ki ɗaura ɗankwali mai santsi.

Awon ɗauri mai kyau ba wuya. Ki ɗaga girarki, ki juya wuya dama da hagu, ki sunkuyar da kai. In kin ji fatar goshi ko ta ƙeya tana ja, ki kwance ki sake.

Sai maganar mai kitsonki, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, don babu ranar asibiti da ba na jin ta. Ja ba ya fito da gashi. Ban san wanda ya fara wannan magana ba, amma ta ci goshin mata da yawa. Gashi yana tsirowa ne daga saiwarsa da ke cikin fata, kimanin santimita 1 a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka. Gado da lafiyar jiki da abinci ne ke tsara wannan saurin. Ko za a ɗaure gashi a jikin mota a ja, ba zai ƙara ko ƙwayar gero ba.

Na san abin da ya sa mutane suka yarda. Gashinmu mai lanƙwasa ne, yana tsukewa idan ya sha ruwa, don haka duk lokacin da aka miƙar da shi sai ya yi kamar ya ƙara tsawo. Na biyu, gashin da ya yi sati uku a kitse ba a taje shi ba, bai karye ba, idan an tsefe sai a ga ƙari. Hutun da ya samu daga mataji ne ya kawo wannan, da an yi kitson sako-sako ma haka za a gani. Amma sai a ba tsauri lada. Akwai kuma lissafin kuɗi: kitso mai tsauri ya fi daɗewa bai tsufa ba, mai kitso tana son a yaba hannunta, mai kai tana son kuɗinta ya yi auki. Sai a taru a kan ƙarya ɗaya, kowa ya ji daɗi.

Abin da ke faruwa a fata shi ne, jan yana sa bakin saiwar ya kumbura. Shi ya sa kike ganin ƙananan ƙuraje a layin kitso, wani lokaci da farin abu manne a gindin gashi, wani lokaci har da ruwa. Gashin yana fita, saiwar ta sake fito da wani, a sake ja, ta fito da wanda ya fi na baya siranta. Shekara da shekaru ana haka, ƙarshe saiwar ta mutu, tabo ya maye gurbinta. Daga nan babu mai, babu hayaƙi, babu allurar da za ta dawo da ita. Abin da ya rage sai dashen gashi, irin wanda masu hali ke tafiya Turkiyya su yi, shi ma ba kowane kai yake karɓa ba.

Kuma ba yau aka san wannan ba. Tun 1907 wani likita ɗan Ostiriya ya rubuta labarin matan tsibirin Girinlan da gefen kansu ya cinye saboda ɗaure gashi tamau a sama, irin ɗaurin da kike yi yanzu. Ana ganinsa a 'yan rawar bale na Turai masu naɗe gashi a tsakiyar kai, da mazan Sikh na Indiya masu naɗe nasu a ƙarƙashin rawani. A nahiyarmu, binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ya gano matsalar a kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata, da kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta. Wato kusan mace ɗaya cikin uku. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu shafa rilaksa sannan su ɗora kitso ko ƙarin gashi a kai. In kina shafawa, ki dakata da ita yanzu, in kuma kin koma nan gaba, ki bar aƙalla sati biyu tsakaninta da kowane kitso.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka mayar da zafi shaidar kyan kitso. Mace ta taso daga gidan kitso idanunta sun ɗage, ba ta iya dariya, ba ta iya kwanciya da gefe, ta sha farasitamol, wai sai kwana biyu zai saki. Kafin ya saki a kwana biyun nan, saiwar gashinki ce ke shan wahala. In an yi magana a ce sai an sha wuya akan sha daɗi. Wace wuya? Kitson da ya sa ki neman magani a daren farko, a tsefe shi a daren.

Su kuma masu sayar da mai a Facebook da TikTok, masu hoton "kafin" da "bayan" da alkawarin gashi har kugu cikin sati biyu, Allah ya shirye su. Ki lissafa da kanki: santimita 1 a wata. Man kaɗanya da man kwakwa suna da amfani, suna tausasa gashi su rage karyewa, musamman da hunturu. Karkar da cebe na matan Chadi ma aikinsu ke nan, kuma a jikin gashi suke shafa cebe, ba sa cusa shi a fatar kai. Babu ɗayansu da ke tayar da saiwa. Mafi muni su ne haɗe-haɗen da ba su da suna, ba lambar NAFDAC, ba a rubuta abin da ke ciki ba. Na ga goshin da aka goga wa ɗanyar tafarnuwa ya ƙone ya yi baƙi, na ga wanda aka daɗe ana shafa wa man bilicin mai sitiroyid har fatar ta yi siriri jijiyoyi suka bayyana. Mai neman gashi ta ƙare da neman maganin ƙuna. Mayukan nan uku da kika saya, ki ajiye su, ki tafi da su asibiti a duba.

Ki je ki ga likitan fata, kada ki jira bayan biki. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da ke a Shika. Ki tafi da kanki a tsefe, ba mai a kai. Za a duba ko akwai ƙuraje ko kumburin da ke buƙatar magani na ɗan lokaci, a gwada jininki, domin ƙarancin sinadarin ayon da matsalar maƙoƙo suna ƙara zubar gashi. In saiwar tana da rai, ana iya rubuta miki minoxidil, maganin shafawa mai taimaka wa gashi ya tsiro. Yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga aikinsa, a makonnin farko zubar tana iya ɗan ƙaruwa, in ya zubo a fuska kuma yana fito da gashi a inda ba a so. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi, don haka ke da kike shirin aure dole ki yi wannan magana da likitan tun ranar farko. Ba zan yi miki alkawarin goshi ya cike kafin wata biyar ba. Abin da ake fata shi ne zubar ta tsaya, sabbin gashi su fara leƙowa. Mai gyaran amarya ma ki gaya mata tun da wuri: ba gam a bakin goshi, ba ƙananan kitso a gaba.

Ina roƙon iyaye mata da ke karanta wannan su ji tsoron Allah a kan 'ya'yansu. Yawancin matan da ke zuwa wurina da goshi a share, tun suna yara aka fara. Yarinya 'yar shekara huɗu a danne ta tsakanin cinyoyi ranar jajibirin Sallah, tana kuka ana ranƙwashinta da kibiya, a kamo 'yan gashin goshin da ko yatsa ba ya iya riƙewa a cusa su cikin kitso, a rataya musu duwatsu. Uwa tana zaune tana cewa a ja da kyau ya kai bayan Sallah. Yarinyar nan amana ce a hannunki, ba ta da bakin da za ta ƙi, kuma ita za ta girma ta riƙa jawo ɗankwali har gira tana ɓoye abin da ba ita ta yi wa kanta ba. Ku ce wa mai kitso ta bar gashin goshi da na gefen kunne a sake, ta yi manya, ta rage duwatsu. In yarinya ta dawo gida ta kasa kwantar da kanta a matashi, ko kuka ga ƙuraje a layin kitson washegari, ku zauna ku tsefe shi, ko nawa aka biya.