Amsa ga mai tambayar ƙwai da ke lalacewa a lokacin zafi

'Yar uwa wlh da na karanta tambayarki sai naji kamar ni kika rubuta, wai ƙwan kajinki baya kai sati sai ya fara wari kuma ba wutar da za ki sa a firij. Nima bara a watan Afrilu haka na sha fama, kinsan zafin Kano lokacin yana kaiwa 40.

Farko dai ina tambayarki, akwai zakara a cikinsu? In akwai to ƙwan nan mai rai ne, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya fara aiki, shi yasa kike fasawa kiga zaren jini a gwaiduwa. Kwana 21 fa kaza ke yi tana kwanci ta ƙyanƙyashe, to kinga in ya kwana uku a ƙarƙashinta ai an gama. In na ci ne ko na sayarwa ki ware zakaran, kaza bata buƙatarsa kafin tayi ƙwai. Ki dinga kwashewa safe da yamma.

Sannan dan Allah dan Annabi kar ki wanke. Ni abinda ya sameni kenan, na tara kiret biyu na mai shayin layinmu, na fita biki na dawo na tarar ƙanwar maigida ta jiƙa su a baho da omo wai kashin kaji ya ɓata su, har tana jira na gode mata. Akwai wani lulluɓi a jikin ɓawon da ke toshe ƙofofinsa, ruwa na taɓawa ya tafi. Ba a rufa sati ba mutumin nan yazo ƙofar gida yana ɗaga murya gaban almajirai wai na sayar masa da baragurbi, sisi bai biyani ba har yau, ita kuma ko haƙuri, sai cewa tayi dama kajin sun ishi mutane da ƙazanta, alhali ita ke fara miƙa hannu in an soya. Maigida ma cewa yayi a bar maganar. Hmm.

In ƙwai yayi datti ki goge da busasshen tsumma. Ki jera a kiret tsinin yana kallon ƙasa, ki ajiye kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi, banda kicin. Ni ina rubuta kwanan wata da fensir a jiki. Wanda kike shakka ki saka a kofin ruwa, in ya nutse ya kwanta sabo ne, in ya taso sama ki zubar, wanda kika gwada kuma ki soya shi ranar.

Af, ki ma kajin rigakafin Lasota tun kafin hunturu, don cutar kajin nan fakat in ta shigo akurki bata barin ko ɗaya. Kuma duk kazar da aka kawo miki kyauta daga ƙauye ki killace ta sati biyu tukunna, ko surukarki ce ta aiko.