Amsa kan zuba tayoyi a ruwa don tara kifi

Ɗan'uwa ka ce ka ga bidiyo ana nutsar da tsofaffin jirage da tayoyi a teku don kifi ya taru, kana tambaya ko za ku iya yin haka a tabkin Gidimuni. Eh kifi na taruwa, domin gansakuka da ƙananan halittu na mannewa jikin abun, ƙananan kifi su samu abinci da maɓoya, manya kuma su biyo su. Amma don Allah kar ku zuba taya. A Florida ta Amurka sun zuba wajen miliyan 2 a shekarun 1970, ɗaurin ya tsinke, igiyar ruwa ta riƙa jan su suna lalata murjani (halittun ƙasan teku masu kama da dutse da kifi ke zama cikinsu), daga baya dole aka koma tsamo su da kuɗi masu yawa.

Mu nan Damagaram ba teku gare mu ba, to ku yi irin na masuntan tabkin Nokuwe a Benin, rassan itace suke kafawa cikin laka, ko ku sa duwatsu da fasassun bulo. Amma da sharaɗi, ku kafa inda ruwa bai janyewa da rani kuma ku sa alama, ku sanar da sarkin ruwa tun kafin a fara, don na ga yadda reshe guda ya yaga ma wani bawan Allah taru daga sama har ƙasa, wallahi abin tausayi. Wurin na ƙugiya ne, tarwaɗa ta fi son shi.