Sharaɗin Yanke Albashi a Takardar Ɗaukar Aiki: In Sa Hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina neman aiki, sai ga wani kamfani ya aiko min takardar ɗauka. A shafi na uku akwai sharuɗɗan da suka hana ni barci: ranar da na makara da minti 15 za a yanke albashin yini guda, in ban cika adadin cinikin wata ba a zare kashi 20 cikin 100, in kuma na ajiye aiki kafin shekara 2 in biya albashin wata 3. Doka ta yarda da wannan? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri. Kin kyauta da kika karanta har shafi na uku, don irin waɗannan sharuɗɗa can ƙasa ake cusa su da ƙananan haruffa, dab da layin sa hannu, inda mai murnar samun aiki ba ya tsayawa.

Sa hannunki ba ya halasta abin da doka ta hana. Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1949, ta ce ba a taɓa albashi sai bisa sharuɗɗa da iyakar da dokar ƙasa, ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata, ko hukuncin masu sasanci suka ajiye. Daga nan kowace ƙasa ta ɗauki hanyarta. Faransa ta haramta cin tarar ma'aikaci ɗungurungum, ko an rubuta a kwantiragi kamar ba a rubuta ba ne. A Ingila dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta yarda a yanke in yana rubuce a kwantiragi ko ma'aikaci ya amince a rubuce tun kafin lokacin. Saboda haka dokar ƙasar da za ki yi aikin ita ce alƙali.

Batun makara shi ya fi damuna. In kin makara da minti 15, kamfani ya ƙi biyan waɗannan mintuna, ba laifi, ba ki yi aikinsu ba. Amma ki wuni a tsaye, awa bakwai da minti 45, a ce ranar ba ki da ko sisi? Wannan tara ce tsagwaronta, gumin mutum aka cinye. A ganina wannan sharaɗi ne ya fi saurin faɗuwa gaban kotu.

Na ciniki kuwa, ki tambaye su daga ina za a zare. In daga kamasho ne ko alawus na ƙwazo, suna da bakin magana. In daga ainihin albashi ne, ya koma sahun na farko.

Na uku yana buƙatar natsuwa. In kamfani zai kashe kuɗi ya tura ki kwas, kotuna a wurare da dama sukan yarda ya nemi abin da ya kashe, musamman in bashin yana raguwa gwargwadon daɗewarki a aikin. Amma albashin wata 3 haka siddan, ba horo ba rasit, igiya ce kawai ta ɗaure ki. Kotun ƙolin Birtaniya a 2015 ta jaddada cewa ba a tilasta biyan abin da ya zarce misali in an gwada shi da haƙƙin da kamfani ke karewa.

Na san ba za ki so ki ɓata da su tun ba ki shiga ofis ba. Ki rubuta musu cikin ladabi, ta imel don ya zama shaida, ki nemi a daidaita yankan makara da mintunan da aka rasa, a fayyace daga ina kashi 20 zai fita, a kuma rubuta kuɗin horon da ake nufi. Kafin ki sa hannu ki kai takardar ofishin ƙwadago ko wurin lauya ya duba. In kin fara aikin, ki riƙa adana takardar albashin kowane wata.