Amsa ga mai tambaya kan faɗuwar gaba da shiga Islamiyya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce gabanki na yawan faɗuwa, barci ya ƙaurace miki, kina tambaya ko Islamiyyar matan aure da ajin koyon sana'a za su rage miki. Ni kam sun rage min.

Bayan haihuwata ta uku, ko ƙofa aka buga sai gabana ya yanke ya faɗi. Maigida tun safe yana kasuwa, ni sai saƙa da warwara. Maƙwabciyata ce ta ja ni Islamiyyar unguwa, bayan la'asar. Ranar da muka zo kan addu'ar da Annabi (SAW) ke neman tsari daga "hammi" da "hazan", malama ta ce hammu fargabar abin da bai zo ba ce, hazan kuwa baƙin cikin abin da ya wuce. Hawaye na yi a cikin hijabi. Ashe abin da ke cin raina yana da suna, har da addu'arsa.

Amma gaskiya ba karatun kaɗai ba ne. Fitar ma magani ce, da hirar hanya, da jin cewa wance ma haka take kwana. Dama tun zamanin Nana Asma'u, 'yar Shehu Ɗanfodiyo, mata ke taruwa neman ilimi, su ne 'Yan Taru. Ranar Alhamis kuma ake koya mana sabulun ruwa da turaren wuta. Jarkata ta farko ta tsinke kamar kunun da ya kwana, ta uku ce ta sayu. Da na fara zubin adashi da kuɗina, rabin tunanin dare ya tafi, domin yawancinsa lissafin cefane ne.

Sai dai ki kula. Akwai malamar da ta ce mana damuwa raunin imani ce, na yi mako biyu ina zargin kaina a banza. Kar ki ɗauki wannan. Idan bugun zuciya da rashin barcin sun ƙi tafiya, ki je asibiti a duba ƙarancin jini, hawan jini da maƙoƙo, duk suna iya kawo haka. In aka tura ki wajen likitan ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano ko Barnawa a Kaduna, ba hauka ake nufi ba. Ni ma wata shida na yi ina shan magani, ina zuwa makaranta. Allah Ya ba ki lafiya.