Yadda ake gane tauraro ɗaya ashe biyu ne

Malam, ka ce daga Argungu ɗigon haske ɗaya kake hangowa, to ta yaya masana ke cewa taurari biyu ne? Nisa ne ke haɗe su a ido. Ɗauki tauraron da ake kira Capella: biyu ne, suna zagaya juna cikin kwana 104. Madubin hangen nesa guda da wuya ya raba su, sai a haɗa hasken madubai da dama wuri ɗaya. A dutsen Wilson na Amurka, cibiyar nazarin taurari mai suna CHARA na da madubai shida, tazararsu har mita 330. Daga zanen da hasken ke yi idan ya gauraya ake lissafa tazarar taurarin, sannan nauyinsu. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, wallahi.