Tayar keke mai launi: in zuba jarina a kanta?

Tambaya: Ina sayar da kayan keke. Wanda nake sari a wurinsa yana ta kwaɗaita mini tayoyi masu launi, ja da shuɗi da fari, wai sun fi riba. Me ya sa tayoyi suka fi zuwa baƙaƙe, kuma ko in raba jarina biyu in saro masu launin?

Amsa: Malam, kada ka raba jarinka biyu. Ka saro kaɗan ka gwada kasuwa, amma baƙar taya ta ci gaba da zama uwar kayanka.

Baƙin nan ba ado ba ne. Danƙon da ake tatsa daga itacen roba fari ne, kuma tayoyin farko, irin wadda John Dunlop ya haɗa wa keken ɗansa a 1888, ba baƙaƙe ba ne. Wajejen 1910 masu ƙera taya suka fara cuɗa robar da garin kabon, wani baƙin gari mai laushi kamar kunkunniya. Shi ke ƙarfafa robar ta daɗe ba ta suɗe ba, yana watsa zafin da gogayya da titi ke haifarwa, yana kuma tare hasken rana da ke sa roba tsattsagewa. Da zarar an zuba shi, babu launin da zai fito.

Don haka mai son jar taya dole ya cire kabon ya sa wani abu fari. Kamfanoni masu inganci suna sa silika, wadda kamfanin taya na Michelin ya shigo da ita tayoyin mota a 1992, kuma tana riƙe jiƙaƙƙen titi sosai. Masu araha kuwa sukan cika robar da alli ko farar ƙasa. Ga ido duk ɗaya suke, amma ta biyun tana saurin cinyewa. A nan ne ɗan kasuwa ke faɗawa rami, domin mai saye ba kamfani zai zarga ba, kai zai zarga.

Abin da ya fi damuna shi ne kwantai. Taya mai launi tana tsufa tun tana rataye: ta koɗe, farar ta yi ɗorawa, gefenta ya fara tsagewa. Ga shi kowane launi sai ka ajiye shi a girma daban-daban, kuɗinka ya warwatsu. Wanda tayarsa ta fashe girmanta yake tambaya, ba launi ba.

Masu launi sun fi tafiya a kekunan yara da na matasa masu son ado. Ka nemi mai baƙin tsakiya da gefe mai launi, domin wurin da ke taɓa ƙasa yana da kabon. Ka ajiye su a inuwa, ka gaya wa mai saye gaskiyar ƙarkonsu, kuma ka nemi dillalin ya yarda ya karɓi abin da bai fita ba kafin ka biya.