Saukowa daga kilo 80 zuwa 74: amsa ga wani ɗan kokawa a Kumasi

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kokawa ne a Aboabo, shekaruna 22, nauyina kilo 80. Ina so in fafata a ajin kilo 74, kuma saura makonni takwas a yi gasa. Abokan atisayena sun ce in riƙa gudu da rigar leda da tsakar rana, in ƙaurace wa ruwa kwana biyu kafin awo, in haɗa da ƙwayar sa fitsari. Shin wannan hanya ba ta da illa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tana da illa babba, kuma ina roƙonka kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan uku, domin dukkansu ruwan jiki suke zubarwa, kitse kuwa yana nan inda yake. Idan ruwa ya ragu da kashi 2 cikin ɗari na nauyin mutum, ƙarfi da juriya kan fara raguwa. Idan abin ya yi nisa, jini ya yi kauri, zuciya ta wahala, ƙoda ta jikkata. A ƙarshen 1997 ɗalibai uku 'yan kokawa a jami'o'in Amurka suka rasu cikin 'yan makonni suna ƙoƙarin cika awo ta irin wannan hanya, abin da ya sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta haramta rigar leda da ɗakin tururi, ta kuma ƙayyade cewa kada ɗan wasa ya zubar da fiye da kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa a mako. Ƙwayar sa fitsari kuwa, irin su Lasix, tana cikin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta hana, ko da ka yi nasara gwaji na iya ƙwace ta.

Akwai kuma tsarin gasar kansa. A dokar hukumar kokawa ta duniya, UWW, da safiyar ranar fafatawa ake hawa sikeli, wanda ya kai rana ta biyu kuma sai ya sake hawa. Ka tuna Vinesh Phogat ta Indiya, wadda aka cire daga wasan ƙarshe na ajin kilo 50 a gasar Olamfik ta Paris a 2024 saboda ƙarin giram 100 kacal a awo na biyu. Wanda ya busar da jikinsa ba shi da lokacin farfaɗowa kafin ya shiga fage.

A naka lissafin, iyakar da aka yarda da ita kilo 1.2 ce a mako, amma abin da kake buƙata giram 750 ne, wato kilo shida a makonni takwas. Wannan mai yiwuwa ne idan akwai kitsen da za a rage. Rage tuwon zafi ko banku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ka yawaita miyar ayoyo da ganye, ka tabbata kowane cin abinci akwai kifi, ƙwai, wake ko nama marar kitse, domin su ne ke riƙe tsoka. A faranti na waakye, taliya da gari da man shito su ne za ka fara taƙaitawa, ba wake ba. Sukarin koko da na sobolo da soyayyen ƙosai su zama kaɗan. Kada ka shiga atisaye mai nauyi da yunwa, kuma ka sha ruwa har fitsarinka ya zama fari-fari. Ka riƙa awo kowace safiya bayan ka zaga, a kan sikeli ɗaya. A kwanaki biyu na ƙarshe, rage gishiri da dunƙule ya isa ya sauke ɗan abin da ya saura.

Kafin ka fara, je asibiti a duba hawan jini, kuma idan ba ka san jinsin jininka ba a yi maka gwajin sikila, domin a yankinmu masu AS suna da yawa, kuma ƙishi da zafi da atisaye mai tsanani sun fi yi musu haɗari. Idan aka ga jikinka tsoka ne zalla, shawarata ita ce ka nemi ajin kilo 79, in gasar tana da shi. Duk ranar da ka ji jiri, ko ɗaurewar tsoka, ko ka ga fitsari ya koma kalar shayi, dakatar da atisaye ka garzaya asibiti a ranar.